Daga Kuza Zuwa Man Kolmani: Wa Zai Yi Wa Mutanen Ƙofar Wambai Tambaya?

Ranar 22 ga watan Nuwamba 2022 Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya je Kolmani, a kan iyakar Jihar Bauci da Jihar Gwambe, ya ƙaddamar da aikin haƙo man fetur. A wurin bikin aka shaida wa jama'a cewa akwai mai fiye da ganga miliyan dubu 1 kwance a ƙarƙashin ƙasar, kuma an samu masu zuba jarin Dala miliyan dubu 3. Aka ce za a kafa matatar mai, da tashar wutar lantarki, da masana'antar takin zamani. Duk wanda ya ji wannan jawabi a rediyo a cikin birnin Bauci, ko a teburin mai shayi ko a majalisar ƙofar gida, ba za a ga laifinsa ba in ya kwana yana lissafin wane ɗansa ne zai sami aiki. To, sai ga shi a 2025 sabon shugaban kamfanin NNPC, Bayo Ojulari, yana alkawarin za a koma kan aikin. Mai hankali ya san ba a komawa sai inda aka bari.

Ƙofar Wambai ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Bauci, irin su Ƙofar Wunti, da Ƙofar Ran, da Ƙofar Jahun, da Ƙofar Nasarawa. Unguwa ce ta cikin gari, ta malamai da masu sana'ar hannu da ƙananan ma'aikata, ga kuma samari da suka gama sakandare, wasu har da difloma, amma abin da ke ciyar da su Keke Napep ne ko cajin waya. Irin waɗannan mutane su ake yi wa alkawarin aiki duk lokacin da aka aza harsashin wata masana'anta. Su ne kuma ba a komawa a yi wa bayani in abin ya watse.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan al'amari ba sabo ba ne, kuma an yi bincike a kansa. Shekara da shekaru malaman jami'a masu nazarin zaman jama'a suna bin diddigin yadda jari yake shigowa Arewa, da yadda ake ɗaukar lebura a sallame shi, da rawar da 'yan siyasa da jaridu suke takawa. Wani binciken ma a nan cikin Bauci aka yi shi. Amma duk da Turanci aka rubuta, aka jera a ɗakunan karatu na Zariya da Landan, ƙura tana hawa. Waɗanda aka yi binciken a kansu ba wanda ya karanta musu.

KUZA DA ƊIBAN GWAMNA

Jari na farko da ya shigo wannan yanki na kuza ne. Kada a manta, tsaunukan Jos a cikin Lardin Bauci suke kafin a yanke Lardin Filato a 1926. Wani masanin tarihi, Bill Freund, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya fitar da littafi a 1981 a kan jari da ƙwadago a filayen kuza. Ya nuna cewa tun kafin zuwan Turawa akwai masu narka dalma 'yan ƙasa, amma mulkin mallaka ya ture su ya ba kamfanonin Ingila filayen. Ya nuna kuma ribar kamfanonin ba daga injuna ta fito ba, daga arhar lebura ta fito: haraji ya koro talaka daga gona, ya zo ya ɗauki kwanon ƙasa a ka don ya sami kuɗin biya.

Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai ta juyo Nijeriya. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi aikin tilas da tsofaffi suke kira ɗiban gwamna, aka kwashi kusan mutum 100,000 daga lardunan Arewa ta hannun En'e, mutane da yawa suka mutu saboda sanyi da cuta da rashin abinci. Ko jirgin ƙasan da aka shimfiɗa daga Zariya, aka sa masa sunan Bauci, a Bukuru ya tsaya, domin kuza ya zo ɗauka ba mutane ba. Birnin Bauci bai ga jirgi ba sai 1961. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, abin da aka bar wa Filato manyan kududdufai ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

STEYR

Wanda ya fi kusa, wanda dattawan Ƙofar Wambai suka gani da idonsu, shi ne kamfanin Steyr. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya yi yawa, Gwamnatin Tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun harhaɗa motoci guda 6: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Ikko, Leyland a Badun, Mercedes a Inugu, Fiat a Kano, sai kuma Steyr na ƙasar Ostiriya a Bauci, wanda aka buɗe a 1979 don haɗa manyan motoci da taraktocin noma. Shekara 3 ke nan kacal da ƙirƙiro Jihar Bauci. A lokacin, saurayin da ya sami aiki a Steyr ba ya shan wahalar neman aure.

Amma fa ba a yi nisa ba aka fara jin ƙarar tsagewar bango. Farashin mai ya faɗi, a 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, samun lasin shigo da kaya ya zama sai wane da wane. Wani malamin kimiyyar siyasa na Jami'ar Ahmadu Bello, Yusuf Bangura, mutumin Saliyo, ya ɗauki Steyr ya yi nazarinsa, ya buga sakamakon a 1987 a wata mujallar masana da ake bugawa a Ingila. Maƙasudin rubutunsa shi ne yadda karayar arziki ta faɗa wa masana'antun motoci, da yadda ma'aikata suka yi ta gwagwarmaya da masu kamfani a kan wa zai ɗauki asarar.

Ciwon a fili yake. Waɗannan masana'antu ba ƙera mota suke yi ba, ɗaurawa suke yi. Inji da giya da sauran sassa masu tsada a cikin akwatuna suke zuwa daga Turai, kuma da kuɗin ƙasashen waje ake biya. Ranar da Babban Banki ya ce babu kuɗin waje, ranar aiki ya tsaya, ko da kuwa akwai mai saye a bakin ƙofa. Sa'an nan babban mai sayen kayan gwamnati ce, da ma'aikatunta da hukumomin aikin gona. Watau gwamnati ita ce mai hannun jari, ita ce mai ba da lasin, ita ce mai ciniki. Da aljihunta ya huje, sai ƙafafu uku suka karye lokaci guda. A 1985 Dala ɗaya ba ta kai Naira 1 ba. Bayan gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, sai ga Dala tana wajen Naira 4 a 1987. Akwatin da ake saye jiya ya ninka, manomi ba zai iya sayen tarakta ba, ɗan kasuwa ya koma ga motocin gwanjo. A kan lebura abin ya ƙare: rage ma'aikata, da hutun dole, da yanke alawus. A shekarun 2000, zamanin Obasanjo na farar hula, aka sayar da hannun jarin gwamnati ga 'yan kasuwa, amma kamfanin bai sake komawa yadda aka san shi ba.

A nan akwai abin lura. Wannan bincike na 1987 ne. Duk wani gwamna ko kwamishina da ya sa hannu a takardar yarjejeniya da baƙin 'yan kasuwa bayan wannan shekara, yana da damar sanin tambayar farko da ya kamata ya yi: kashi nawa na kayan aikin za a samu a gida, kuma wa zai saya in gwamnati ta talauce?

Haka nan maganar mallaka. Dokokin 1972 da 1977 sun tilasta wa kamfanonin waje su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, aka yi ta murna an ce arziki ya dawo gida. Ankie Hoogvelt ta bincika kamfanonin Kano ta buga a 1979, Thomas Biersteker kuma ya bi na ƙasa baki ɗaya ya fitar da littafi a 1987. Dukansu biyu abu ɗaya suka tarar. Hannun jarin ya taru a hannun attajirai 'yan ƙalilan, da yawansu sunansu kawai ake ara a sa a takarda, su karɓi rabonsu a ƙarshen shekara, amma sitiyari yana hannun baƙo, domin shi ke da fasaha, shi ke odar kaya, shi ke riƙe da littafin kuɗi. Alhaji yana kan kujerar shugaban daraktoci, manaja yana yanke hukunci.

SHI KANSA LEBURAN

Akwai wata tsohuwar magana da masu kamfani suke so, wai leburan Arewa mai haƙuri ne, ba ya tayar da ƙayar baya kamar na Ikko. Bincike bai gaskata wannan ba. Paul Lubeck ya zauna da ma'aikatan masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, littafinsa ya fito a 1986. Ya tarar da yawansu tsofaffin almajirai ne da suka shigo birni cin rani suka zauna, kuma da aka hana su ƙarin albashin Adebo a 1971, da kansu suka shirya yajin aiki daga wannan masana'anta zuwa waccan, ba su jira wata babbar ƙungiya ba. Abin da suka koya a makarantar allo na adalci da haƙƙin gumi shi suka yi aiki da shi. Ya kuma tarar burin yawancinsu ba su tsufa a kamfani ba ne. Su tara ɗan jari ne su fita su kafa tebur. Wanda ya san unguwannin cikin garin Bauci ya san har gobe haka tunanin yake.

Gunilla Andrae da Björn Beckman, mutanen Suwidin, sun bi masaƙu na Kaduna da Kano da Ikko, littafinsu ya fito a ƙarshen shekarun 1990. Abin da suka gano ya saɓa wa zaton mutane. A manyan masaƙun da ƙungiyar ma'aikata take da ƙarfi, an fi samun tsari da yarjejeniya a rubuce, har masu kamfanin kansu suna dogara da ƙungiyar wajen tafiyar da aiki cikin wahala. A ƙananan masaƙun da ake ɗaukar mutum ta hanyar wane ya aiko shi, a nan aka fi korar lebura ba ko sisi. Sai dai ƙungiya ba ta iya kawo wutar lantarki, ba ta iya tsare kan iyaka daga atamfar fasa-ƙwauri. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, an rufe ta a 2002.

Shi kuwa albashi, lissafinsa ba ya bukatar shaihun malami. Bayan yajin aikin gama-gari na watan Mayu 1981, wanda Hassan Sunmonu ya jagoranta, aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 125, wajen Dala 200 ke nan a canjin lokacin. A 2011 ya zama Naira 18,000, a 2019 Naira 30,000, a watan Yuli 2024 kuma Naira 70,000, wadda a canjin wannan wata ba ta kai Dala 50 ba. Sifiri yana ƙaruwa a takarda, kwanon masara yana raguwa a gida. Kuma wannan doka ba ta san da zaman mai Keke Napep ba, balle yaron shago.

JARIDA

To, wa ya kamata ya ɗauko waɗannan bayanai daga jami'a ya kai su Ƙofar Wambai, ya kuma ɗauko tambayar Ƙofar Wambai ya kai Gidan Gwamnati? Aikin ɗan jarida ke nan. Kuma Bauci ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin a nan aka fara yi wa hukuma tambaya a bainar jama'a a Arewa.

A 1943 aka kafa wani taron muhawara a Bauci da yardar Turawan mulki, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e suke zama su tattauna al'amuran yau da kullum. A cikinsu akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Aminu Kano, wanda yake koyarwa a Midil ta Bauci. Turawa sun ɗauka wurin rage zafi ne, sai ya zama wurin tonon silili. Aka tattauna mulkin En'e kansa. Ƙarshenta Malam Aminu ya tambayi jami'in mulki da wane ma'auni ake yanka wa sarakuna albashi, ba a daɗe ba aka rufe taron. Abin lura, tambayar kuɗi ce ta rufe shi. Sai suka kafa tasu ƙungiyar ta neman ci gaban Bauci, wadda James Coleman ya ambata a littafinsa na 1958 cikin tushen siyasar zamani a Arewa. Malam Sa'adu kuwa da Malam Aminu sai suka riƙa aika rubutu jaridar West African Pilot ta Dokta Azikiwe a Ikko, domin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ta hukuma ce, akwai iyakar abin da za ta ɗauka. Tun ran nan ɗan Arewa mai ƙorafi yake bi ta Kudu kafin a ji muryarsa a gida.

Masu nazarin jaridun Nijeriya, tun daga Fred Omu da littafinsa na 1978 har zuwa Adigun Agbaje da nasa na 1992, sun nuna jarida a ƙasar nan tare da siyasa aka haife ta, kuma yawanci mai ita ɗan siyasa ne ko mai neman zama. In ta tsaya wa lebura takan sha wuya: a yajin aikin 1945, wanda ya yi kwana 44, gwamnatin mulkin mallaka ta dakatar da Pilot da Daily Comet saboda goyon bayan ma'aikata. A 1975 gwamnatin Murtala ta karɓe New Nigerian da kashi 60 cikin 100 na Daily Times. A 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian da Doka Ta 4.

Amma sanda ba ita kaɗai ke rufe bakin ɗan jarida ba, kuma a jiha irin Bauci ba ita ce babba ba. Babbar ita ce yunwa. Inda babu masana'antu babu mai ba da talla sai gwamnati. Wakilin da ofishinsa yake Ikko ko Abuja, wanda yakan yi watanni bai ga albashi ba, in aka kira shi bikin aza harsashi, aka ɗauke shi a motar gwamnati, aka ba shi abinci, aka miƙa masa kuɗin mota a ambulan, da wuya ya ɗaga hannu ya tambayi inda aka kwana da harsashin bara. Masana sun yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan ɗabi'a ta na goro, kuma galibinsu kan rashin albashi suke tsayawa. Ashe shi ma ɗan jaridar lebura ne, matsalarsa ɗaya da ta mutumin Steyr: wanda ya kamata ya bincika shi ne mai ciyar da shi. Shi ya sa labarin sa hannu a yarjejeniya yakan hau shafin farko da hoto, labarin mutuwarta kuwa ko a shafi na 20 ba a gani.

Wanda ya kauce wa wannan layi yakan gamu da tsohuwar hanya. Ranar zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 aka kama Haruna Mohammed Salisu, mawallafin WikkiTimes, a garin Duguri yana bakin aikinsa, aka gurfanar da shi a kotu, ƙungiyar kare 'yan jarida ta duniya CPJ ta yi kira a sake shi, daga baya aka ba da belinsa. Shekara 80 ke nan cif bayan kafa taron muhawara na 1943.

ABIN DA KE A RUBUCE

Bambancin yau da zamanin Steyr shi ne akwai dokokin da talaka zai iya riƙewa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa hukumar tarayya ya nemi takarda, kuma ta ba hukumar kwana 7 ta amsa. Dokar Masana'antar Man Fetur ta watan Agusta 2021 ta wajabta wa kamfanin da ke haƙo mai ya kafa asusun raya garuruwan da ke wurin, ya riƙa zuba kashi 3 cikin 100 na abin da ya kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata. Mutanen Neja Dalta sun yi shekaru fiye da 60 suna shan hayaƙi da malalar mai kafin a rubuta wannan. Mutanen Alkaleri sun same shi tun ba a ɗebi ganga ta sayarwa ba.

Sai dai a yi hattara da lissafin aiki. Haƙar mai sana'ar injuna ce da ƙwararru, ba ta ɗaukar mutane kamar masaƙa ko kuza. Lokacin gini akan ɗauki leburori da direbobi da masu gadi, da an gama a sallame su, sauran kuma galibi ta hannun 'yan kwangila ake ɗauka, aikin wucin gadi ba fansho, abin da ƙungiyoyin NUPENG da PENGASSAN suka daɗe suna kuka da shi a Kudu. In akwai aikin da zai iso Ƙofar Wambai, a matatar da masana'antar takin yake, ba a bakin rijiya ba. Waɗannan kuwa su ne sassan alkawarin da suka fi tsada, suka fi kuma sauƙin ɗagawa.

Masu iya bin sawun abin suna nan kusa. Akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a cikin Bauci, wadda take horar da 'yan jarida, ga kuma jami'ar jiha a Gaɗau, wadda aka sa wa sunan Sa'adu Zungur. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin bincike a ɗaure shi da baƙin bango a ajiye. Da za a ce kowane kundi da ya shafi aikin yi ko jari a jihar sai an taƙaita shi da Hausa a shafi 2, an karanta a gidan rediyon jiha bayan labarun yamma, da an rage nisan da ke tsakanin jami'a da mai shayi. Tsofaffin ma'aikatan Steyr ma da sauransu a raye a unguwannin birni, sun haura shekara 60, kuma abin da suka sani game da yadda masana'anta take mutuwa ba ya cikin fayil ɗin kowace ma'aikata. Bangura ya rubuta labarin zuwa 1987. Daga nan zuwa ranar da aka sayar da kamfanin akwai kusan shekara 20 da ke cikin kan waɗannan dattawa, kuma kowace shekara ana rage su.